Kula da halitta da ƙaunar maƙwabci a addinin Kirista: koyarwar da abin da ta haifar a gonakin Maraɗi

Kula da halitta na nufin kiyaye ƙasa da ruwa da itatuwa da dabbobi a matsayin amanar da Allah ya danƙa wa ɗan Adam. Wani sashe ne na koyarwar addinin Kirista da ya ƙara ƙarfi a cikin shekaru hamsin da suka wuce. Malaman addinin na haɗa shi da umarnin ƙaunar maƙwabci, bisa hujjar cewa wanda ya lalata ƙasa ya cuci mutumin da ke ci daga cikinta. Bisa ƙidayar jama'a ta 2012, Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na al'ummar Nijar ba. Duk da haka sunan Nijar na yawan fitowa idan ana wannan magana a duniya, saboda dabarar sassabin zamani da ta bunƙasa a jahar Maraɗi daga 1983, inda wani ɗan mishan da manoma Musulmi suka yi aiki tare.

Tushen koyarwar a Littafi Mai Tsarki

Littafin Farawa, wanda shi ne na farko a Littafi Mai Tsarki, ya ba da labarin halittar duniya daki-daki, yana maimaita cewa Allah ya yaba da abin da ya halitta tun kafin ɗan Adam ya zo. Daga nan malamai suka fahimci cewa itace da tsuntsu na da daraja a wurin Mahaliccinsu ko da ba su amfani kowa ba. A sura ta 2 an nuna cewa an ajiye Adamu a cikin lambu da aiki iri biyu, noma da tsaro. A sura ta 9 kuma, alkawarin da Allah ya yi bayan ruwan tufana bai tsaya kan Nuhu da zuriyarsa ba, ya haɗa har da dabbobi. Zabura ta 24 ta ƙara da cewa mallakar duniya ta Allah ce, abin da ya mayar da mai gona wakili a kan dukiyar da ba tasa ba.

Dokokin Musa sun sauko da wannan magana zuwa aikin gona. Littafin Firistoci sura ta 25 ya umarci a bar gona ta huta a kowace shekara ta bakwai. Sura ta 19 ta hana mai gona girbe gefen gonarsa ƙarƙaf ko komawa ya tsince abin da ya zuba, domin matalauci da baƙo su samu kala. A cikin wannan sura ɗin ne umarnin ƙaunar maƙwabci ya fito, ayoyi kaɗan bayan dokar kala. Maimaitawar Shari'a sura ta 20 ta hana mayaƙa sare itatuwa masu ƴaƴa ko da sun kewaye garin abokan gaba.

A cikin Linjila, da aka tambayi Yesu Almasihu wace doka ce ta fi girma, ya haɗa biyu wuri guda: son Allah da dukan zuciya, da son maƙwabci daidai da yadda mutum ke son kansa. A Luka sura ta 10 wani masanin shari'a ya nemi a fayyace masa wanene maƙwabcin. Amsar ta zo cikin misalin matafiyin da ƴan fashi suka raunata, manyan addininsa biyu suka ratse suka bar shi, sai wani Basamariye, mutumin wata al'umma da Yahudawa ba sa ga maciji da ita, ya ɗauke shi ya biya kuɗin jinyarsa. Darasin da Kiristoci ke ɗauka shi ne maƙwabtaka ba ta tsaya ga dangi ko ƴan addini ɗaya ba. Masu wa'azin kula da halitta sun ƙara faɗaɗa ta zuwa ga wanda ke zaune a ƙasan gulbi yana shan ruwan da na sama ya ɓata, da kuma jikokin da za su gaji gonar.

Yadda majami'u suka mayar da hankali kan muhalli

Ba kullum ne Kiristoci suka karanta waɗannan ayoyi haka ba. Farawa sura ta 1 ta kuma ba ɗan Adam iko a kan sauran halittu, wasu kuwa sun ɗauki wannan a matsayin izinin yin yadda suka ga dama. A 1967 wani masanin tarihi ɗan Amurka, Lynn White, ya wallafa maƙala a mujallar Science yana ɗora wa Kiristancin Turai babban kaso na alhakin lalacewar muhalli. Maƙalar ta tayar da ƙura, ta kuma tilasta wa malaman addinin komawa ga littattafansu. Amsar da akasarinsu suka bayar ita ce ikon da aka ba ɗan Adam irin na makiyayi ne a kan garke, wanda za a tambaye shi ranar hisabi.

A ɓangaren Katolika, Fafaroma Yohanna Bulus na Biyu ya ayyana Faransis na Asisi, waliyyin Italiya da ya rasu a 1226, a matsayin majiɓincin masu kare muhalli a 1979. A ɓangaren Otodoks, shugaban majami'ar Kustantiniya, Dimitiriyos, ya ware ranar 1 ga Satumba don addu'a saboda halitta a 1989, magajinsa Bartolomi kuma ya bayyana a 1997 cewa cutar da muhalli zunubi ne. Majami'un bishara, da suka taru a birnin Kef na Afirka ta Kudu a 2010 ƙarƙashin ƙungiyar Lozan, sun sanya kula da halitta cikin aikin bishara kansa.

Takardar da ta fi shahara ita ce Laudato si', wasiƙar Fafaroma Faransis mai babi 6 da aka fitar ranar 18 ga Yuni 2015, ƴan watanni kafin taron sauyin yanayi na Paris. Jigonta shi ne matsalar muhalli da matsalar talauci abu ɗaya ne, domin talaka ne ke fara ɗanɗana kuɗarsa idan ruwa ya ƙafe ko ƙasa ta gaji, alhali ba shi ne ya fi gurɓata iska ba. Wasiƙar ta ce ƙasashe masu arziki na da bashin muhalli a kansu game da ƙasashe matalauta, ta kuma soki ɗabi'ar saye da zubarwa. Fafaroman ya aike ta ga dukan mazauna duniya, har ya kafa hujja a wani wuri da maganar wani malamin Sufaye, Ali al-Khawwas. Ya biyo ta da wata gajeruwar takarda, Laudate Deum, ranar 4 ga Oktoba 2023. A yau majami'u da dama na gudanar da addu'o'i da dashen itatuwa daga 1 ga Satumba zuwa 4 ga Oktoba kowace shekara.

Ayyukan jinƙai na Kiristoci a Nijar

Mishan ɗin SIM, da aka kafa a 1893, ya shigo Damagaram a 1924, daga baya ya kafa tasha a Tsibirin Gobir da Maraɗi. Mishan ɗin Katolika ya fara a Yamai a 1931, an kuma kafa yankin bishop na Maraɗi a 2001. Abin da jama'a suka fi sanin su da shi shi ne kiwon lafiya da makarantu. Asibitin Galmi a jahar Tawa, da SIM ta buɗe a 1950, na karɓar marasa lafiya daga sassan Nijar da arewacin Najeriya. Cibiyar Danja da ke kudu da Maraɗi ta yi suna wajen jinyar kuturta, a 2012 kuma an buɗe sashen aikin yoyon fitsari a wurin. Ƙungiyar Caritas ta Katolika, da aka sani da CADEV, na rabon cimaka da gina rijiyoyi a lokutan fari da ambaliya. Mafi yawan masu amfana da waɗannan ayyuka Musulmi ne.

Wannan zaman tare ya gamu da jarrabawa a ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, lokacin da zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo ta rikiɗe, aka ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai, mutum 10 suka rasa rayukansu bisa alƙaluman hukuma. Shugabannin majami'u sun yi kira ga mabiyansu da su yafe, an kuma samu Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci a gidajensu har ƙura ta lafa.

Yadda sassabin zamani ya samo asali

Bayan farin shekarun 1970, gonakin jigawa na Maraɗi sun zama fili fetal. Noman gyaɗa da ƙaruwar jama'a sun cinye daji, malaman gona kuma na koyar da cewa manomin kirki shi ne mai share gonarsa tas. Doka ma ta taimaka wajen ɓarnar. Tun dokar gandun daji ta Turawan mulkin mallaka ta 1935, har zuwa ta 1974, itatuwa masu muhimmanci na ƙarƙashin ikon gwamnati ne ko da a cikin gonar mutum suke, wanda ya sare reshe ba da izini ba kuma yana iya biyan tara. Saboda haka manomi ya gwammace ya kashe tsiron tun yana ƙarami da ya rene shi ya jawo wa kansa ma'aikatan gandun daji. Sakamakon kowa ya gan shi: iskar farkon damana na binne shuka da rairayi, har a sake shuka sau biyu ko uku, mata kuma na tafiya mai nisa neman icen girki, ko su ƙona kara da kashin shanu da ya kamata su zama taki.

Magabata sun nemi mafita ta hanyar dashe. Gwamnatin Seyni Kunce ta mayar da ranar 3 ga Agusta ranar dashen itatuwa a 1975, a Mayun 1984 kuma aka yi babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada a birnin Maraɗi. Sai dai akasarin itatuwan da ake renowa a lambu a kai ƙauye ba sa kai labari, saboda zafin rani da awaki da gara.

Tony Rinaudo, masanin aikin gona ɗan Ostireliya, ya iso Maraɗi da iyalinsa a 1981 a ƙarƙashin SIM, inda ya kama aiki a makarantar noma ta Maza Tsaye. Shi ma da dashe ya fara, shi ma bai ga nasara ba. Bisa labarin da ya sha bayarwa, wata rana a 1983 ya tsaya a hanyar ƙauye don rage iskar tayoyin motarsa saboda rairayi, ya yi addu'a yana neman gafarar Allah kan yadda mutane suka lalata halittarsa, yana kuma roƙon a nuna masa abin yi. Sai ya lura da wani ɗan kurmi a bakin hanya, da ya duba ganyen ya gane ba ciyawa ba ce, itace ne da aka sare yake ƙoƙarin tohowa daga kututture. Irin waɗannan kututture na nan birjik a gonaki, saiwarsu na raye a ƙarƙashin ƙasa, kowace shekara ana sassabe tohonsu a ƙona kafin shuka. Ya kira abin dajin da ke ƙarƙashin ƙasa.

Manoma kimanin goma ne suka yarda suka gwada a shekarar farko, sauran na yi musu dariya. Sai ga yunwar 1984, wadda mutanen yankin ke kira El Buhari. Mishan ɗin ya shirya rabon cimaka a madadin aiki a ƙauyuka kusan ɗari, da sharaɗin kowa ya bar tohon itatuwa a gonarsa. Da yunwa ta wuce aka daina rabo, manoma da yawa sun koma sun sare abin da suka rena. Amma waɗanda suka bar nasu sun ga hatsi bai ragu ba, ga kuma icce da abincin dabbobi. Wani abin da ya taimaka shi ne amincewar ma'aikatan gandun daji na yankin su sassauta tara, su bar manomi ya amfana da itacen da ya rena. Daga nan dabarar ta yi ta yawo daga gona zuwa gona, galibi ba tare da wani furoje ba.

Yadda ake yin sa

Dabarar, da ake taƙaita sunanta da RNA a Faransanci, ba ta bukatar iri ko ban ruwa ko kuɗi. Adda ko lauje mai kaifi ya isa. Lokacin sharar gona manomi na zagayawa ya zaɓi kututturen da yake so, ya bar toho uku zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, ya sare sauran. Sai ya rage rassan gefe har zuwa rabin tsayin tohon, yana yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya tsage. Wasu na ɗaura tsumma a jiki don a san itacen na da mai shi. Bayan ƴan watanni a dawo a sake gyarawa. Tun da saiwar ta riga ta yi zurfi, tohon na girma da saurin da dashe ba ya kamawa. A farkon aikin an shawarci manoma su bar itatuwa 40 a kowace hekta.

Itatuwan da aka fi renowa su ne sabara, kalgo, taramniya, aduwa, magarya da gawo. Gawo na da wata baiwa: yana zubar da ganye da damana, don haka ba ya yi wa hatsi inuwa, ganyen na zama taki, saiwarsa na ƙara wa ƙasa ƙarfi, ƴaƴansa kuma abincin bisashe ne da rani. Sauran itatuwan na karya ƙarfin iska, su tare ƙurar da ke ɗauke da taki, su jawo dabbobi su kwanta a inuwa su bar kashi a gona. Rassan da ake ragewa na zama icen girki ko na sayarwa, abin da iyali ke jingina da shi a shekarar da damana ba ta yi kyau ba.

Abin da bincike ya gano

A tsakiyar shekarun 2000 wasu masana, ciki har da Mahamane Larwanou na Nijar, Chris Reij na Holan da Gray Tappan na Amurka, sun gwada tsofaffin hotunan jirgin sama da sababbin hotunan tauraron ɗan Adam, suka kuma zagaya ƙauyuka. Sun ƙiyasta cewa itatuwa sun farfaɗo a kan hekta kimanin miliyan 5 a jahohin Maraɗi da Damagaram da kewaye, wato itatuwa kusan miliyan 200. Wani rahoto na 2009 ya ƙiyasta ƙarin cimaka da ake samu da tan dubu 500 a shekara, abin da zai ciyar da mutum miliyan 2 da rabi. Dokar gandun daji ta 2004 ta fara amincewa da haƙƙin manoma, a watan Yulin 2020 kuma gwamnati ta fitar da doka ta musamman kan sassabin zamani, wadda ta tabbatar wa manomi ikon amfana da itacen da ya rena.

Rinaudo ya bar Nijar a 1999 ya shiga ƙungiyar World Vision, wadda ta kai dabarar ƙasashe da dama, ciki har da yankin Humbo na Habasha da arewacin Gana. A 2018 an ba shi lambar yabo ta Right Livelihood a Suwidin, a shekara ɗaya da Yakuba Sawadogo, manomi Musulmi ɗan Burkina Faso da ya farfaɗo da dabarar ramukan zai.

Muhawarar da ke tattare da batun

Masu bincike na gargaɗin kada a mayar da labarin na mutum ɗaya. Renon toho ba baƙon abu ba ne ga manoman Hausa. A Mirriya da Magarya da Matamai, inda gawo ya cika gonaki, manoma ne suka yi aikin da kansu ba tare da mishan ba. A Ɗan Saga da ke yankin Agiye, kwamitin ƙauye mai haɗe da mata da makiyaya ne ya tsara dokokin hana satar icce. Dawowar ruwan sama bayan shekarun 1980, da raguwar sa idon hukuma a shekarun 1990, su ma sun taka rawa. Rinaudo da kansa na cewa ba shi ya ƙirƙiro dabarar ba.

Akwai kuma tambayar da ke tasowa duk inda agaji ya haɗu da wa'azi: shin taimakon don Allah ne, ko ƙugiya ce ta jawo mabiya? Koyarwar Katolika a hukumance, kamar yadda Fafaroma Benedik na 16 ya rubuta a 2005, ta hana amfani da sadaka wajen sauya wa mutum addini. A tsakanin ƴan bishara ma an daɗe ana jayayya, wasu na ganin aikin gona na ɗauke hankali daga wa'azi, wasu na cewa ba a raba su. A Maraɗi dai manoman da suka rungumi dabarar sun ci gaba da addininsu. Ba su rasa hujja a cikinsa ba, domin Musulunci na kallon ɗan Adam a matsayin halifa a bayan ƙasa, yana lissafa dashen itacen da mutum ko dabba za su ci a matsayin sadaka, yana kuma tsananta haƙƙin maƙwabci.

Abin da ya shafi mazauna birni

Matsalar ba ta ƙare a karkara ba. Yawancin gidajen Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa da icce ko gawayi suke girki, wani kaso na wannan icce kuma ana sare shi ne da dare daga gonakin da wasu suka yi shekaru suna renowa. Dokar 2014 ta hana shigowa da sayar da ledar da ba ta ruɓewa, amma har yanzu leda na toshe magudanan ruwa tana kashe tumaki da awaki. A damanar 2024 ambaliya ta hallaka kusan mutum 400 a faɗin ƙasa, ta shafi sama da miliyan ɗaya, ta kuma rushe tsohon masallacin Birni a Damagaram. Gine-gine a kan hanyar ruwa da shara a cikin lambatu na cikin abubuwan da ke ƙara ta'adin a birane. Duka Littafi Mai Tsarki da koyarwar Musulunci na sanya irin wannan cuta a babin haƙƙin maƙwabci, shi ya sa ƙungiyoyin kare muhalli ke ƙara neman limamai da fastoci su shigar da batun icce da leda da magudanan ruwa cikin huɗuba da wa'azi, musamman gab da faɗuwar damana da kuma ranar 3 ga Agusta.